Ticha Ayila da Makafin Macizai

Ayila Gbenda ya yi shekara talatin da wani abu yana karɓar makafin macizai daga hannun manoman Tse-Adzer. Bana ya ajiye aikin koyarwa. Dangin ubansa suka ce ya zaɓa, ko ya zubar da macizan a kogi, ko ya bar gidan da aka haife shi.

Ɗan ƙanwata ne. Ran da ya bar aiki ba a yanka ko kaza ba. Ba wanda ya miƙe ya faɗi alheri a kansa. Ni zan faɗa.

Tun yana saurayin malami ranarsa iri ɗaya ce. Ya tashi kafin kaji su sauko, ya ci gasasshiyar doya da manja, ya tura kekensa ya tsallake rafi. Makarantar tana hayi, a filin gwamnati. Bayan ajin kimiyya akwai ɗan ɗaki da aka gina don fartanyoyin yara. Nan ya kafa katako ya jera kwalabe. Da damina, kafin a kaɗa ƙararrawa, yakan tarar da mutum a bakin ɗakin riƙe da ƙwarya an rufe ta da ganye. Ya karɓa, ya tambayi inda aka tono, jar ƙasa ce ko baƙa, kusa da suri ne ko a fadama. Mutumin ya amsa a tsaye, ya juya. Ba ya jiran godiya, ba ya waiwaye.

Kowa a nan ya san abin. Kana ɗaga kunyar doya da garma, sai ga shi yana sheƙi a cikin ƙasa, kai da wutsiya iri ɗaya, ba ka ganin ido. Mai kai biyu muke ce masa. Iyayenmu sun ce ba ya zuwa da kansa, turo shi ake yi. Wanda ya tono shi yakan baje kunyar, ya bar layin gaba ɗaya, ya koma gida ya zauna yana tunanin wa ke ƙinsa. Kuma a wurinmu baƙo ba ya iya yi maka wannan aika. Sai jininka. Na ga wa da ƙane sun daina sa hannu a kwano ɗaya saboda shi. Na ga an sare wa mutum kunne. Na ga gona mai kyau an bar wa ciyawa.

Ayila ya dawo daga kwalejin malamai, ya ce wa yara a aji duk wanda ubansa ya tono a kawo masa. Shi nazari yake so. Iyayen suka ji wani abu dabam. Suka ji an sami wanda zai karɓi mugun abu da hannunsa, a hayin rafi, a filin da ba na kakan kowa ba. Suka fara kaiwa.

Ba wawa ba ne. Bai daɗe ba ya gane. Na tare shi a kasuwa wata rana.

"Ka san abin da mutanen nan ke kawo maka?"

"Macizai, Kawu."

"A ganinsu fa?"

"A ganinsu sun sauke kaya. Su koma gida su yi barci. Ni me na rasa?"

Duk wanda ya kawo sai ya gaya masa gaskiya. Abin nan ba ya cizo. Ba shi da dafi. Ƙwan gara da na tururuwa yake ci, aiki ma yake yi maka a gona. Su gyaɗa kai su ce, "Haka ne, Ticha," su tafi rafi su wanke hannu har gwiwa. Bai gaji da faɗa ba, ba su fasa wankewa ba. Amma daga lokacin ba a ƙara baje kunya a Tse-Adzer ba. Ba a ƙara sarar kowa a kan mai kai biyu ba. Yara suka girma ba su san ana yi ba.

Na shiga ɗakin nan sau da yawa. Karatuna kaɗan ne, amma na san zuri'a, na iya jero kakannina har inda muka rabu da maƙwabta. Da ya ga haka sai ya bi da ni ta nan. Ya ce abin da muke kira da suna ɗaya gidaje ne, kuma manyan gidaje biyu ne a ƙasarmu. Akwai masu kauri, akwai sirara. Masu kauri haƙoransu a muƙamuƙin sama kawai suke. Sirara nasu a na ƙasa kawai. Ya ce wannan ya raba su tun asali, kamar yadda kaka ɗaya ke raba gari biyu.

A gidan masu kauri ya nuna mini mai dabbare-dabbare, baƙi da rawaya, wanda kan kai kamu ɗaya ko ya wuce. Ya nuna mini mai zane a baya. Ya nuna mini wani fari-fari mai launin jinjirin ɓera, hancinsa da kaifi kamar bakin fartanya, wanda ba ya fitowa sai ruwa ya cika raminsa. Sirara kuwa kamar igiyar takalmi suke, wasu kamar zare, ka rantse tana ce. Ya sa gilashin ƙara girma a idona, na ga ɓawo jere a jikinsu, na ga harshe mai reshe biyu. Tana ba ta da ko ɗaya. Yakan zauna bayan an tashi yara yana ƙirga layukan ɓawon nan da tsinke, yana duba fasalin kai, don ta nan ake gane ɗan wane gida ne. Aikin da ya cinye masa ido ke nan.

Akwai wata ƙarama baƙa da ya ajiye gefe. Ya ce baƙuwa ce, a cikin ƙasar dashen lemo ta zo daga wata nahiya. Duk irinta mata ne, ba namiji ko ɗaya, su kaɗai suke yin ƙwai ya ƙyanƙyashe.

Na ce, "Wannan ba ta da dangin uba ke nan."

Ya ce, "Shi ya sa ta zaga duniya lafiya, Kawu."

Mun yi dariya a ranar.

Akwai kuma wanda ya ba katako nasa shi kaɗai, mai zobe-zobe a jiki. Ya ce wannan ba maciji ba ne sam, ƙadangare ne marar ƙafa, kamanni kawai ya ara. Wata shekara na tarar ya sauke kwalaben duka yana sake jeri. Ya ce masu littattafan sun sake shawara, sun raba gida ɗaya biyu, sun canza wa wasu suna. Na ce dattawanmu ma haka suke yi da zuri'a in rigimar gona ta taso. Ya ce bambancin shi ne su waɗancan sukan faɗi dalili.

Ku tambayi Mnena, matar Ugba, tana raye. Tana da cikin fari ta ɗaga randa ta tarar da mai kai biyu a ƙarƙashi, a cikin ɗakinta, ba a gona ba. Ugba ya ɗauki adda ya nufi ɗakin wansa. Mata suka yi ta kururuwa. Ranar Asabar ce, Ayila yana gida. Ya shiga ya ɗauko abin da hannu, ya fito tsakar gida, ya tsuguna gaban Mnena. Ya bar shi ya soke shi da wutsiya a tafin hannu, ya nuna mata ƙaya ce ƙarama, ba baki ba ne, ba jini. Ya ba ta gilashi ya ce ta duba ɗaya gefen. Ta daɗe tana dubawa. Ta ga ɗigo biyu baƙaƙe a ƙarƙashin ɓawo.

Ta ce, "Ugba, ajiye addar nan. Kansa ɗaya ne. Har da ido."

Ugba ya ajiye, amma ya ce a fitar da shi daga gidan yanzu. Ayila ya hau keke da rana tsaka ya kai shi hayi. Yarinyar da Mnena ta haifa, yau tana aikin jinya a birni. Wan Ugba ya mutu da tsufansa, da kunnuwansa biyu.

Me ya samu a shekarun nan? Suna. Ticha mai kwalba. In ruwan adana su ya yanke yakan sayi barasar ogogoro ya zuba musu, sai aka ce Ticha da macizansa duk mashaya ne, shi da bai taɓa kai ko burukutu bakinsa ba. An ba shi hedimasta a wani gari ya ƙi, don ba wanda zai cika kwalaben in sun ƙafe. Ƙannensa a aiki suka wuce shi, suka dawo suna duba aikinsa. Ya kai wasu kwalaben jami'a. Mutanen can sun karɓe shi da mutunci, ba zan yi musu ƙarya ba. Wata malama ta zo har nan ta zauna da shi a ɗakin. Ta ce aikinsa aiki ne, ta ce ɗaya daga cikin sirara mai yiwuwa ba shi da suna a littafi tukuna. Ta ce za su kwashe duka su adana da zarar an rufa ɗakin da ake gina musu. Ba a rufa ba har yau.

Da ya bar aiki, sabon hedimasta ya ce yana son ɗakin don takin zamani. Ɗakin gwamnati ne, ban ga laifinsa ba. Ayila ya ɗauko a-kori-kura, ya naɗe kwalaben da ciyawa, ya tsallako da su rafi zuwa gidan da ya gina kusa da kabarin ubansa. Da rana ya yi, ranar kasuwa, don ba ya ganin ya yi abin ɓoyewa. In kuskure ne, wannan ne kuskurensa. Shi yana ganin ya kawo aikinsa gida. Su suka ga duk abin da suka sauke a shekara talatin ya dawo tsakar gidansu a mota. Kuma ko ɗaya bai ruɓe ba. A wurinmu abin da bai ruɓe ba bai gama aikinsa ba.

Doya ta ruɓe a rumbuna bana. Ta ruɓe a garina ma, inda ba kwalba ko ɗaya, ba wanda ya tambaye ni. Sannan ƙanen Ugba ya faɗo daga babur ya mutu. A wurin binnewa dangin uwarsa suka miƙe kamar yadda ake yi, suka tambayi dangin uba me ya ci ɗansu. Ugba ya nuna ɗakin Ayila da haɓa.

Aka sa zama a rumfar Baba Anongo, babban gidan. Na zo, don in aka tuhumi mutum dangin uwarsa ne ke tsaya masa. Ayila ya yi bayani yadda yake yi wa yara, a hankali. Ya ce matattu ne, ruwan da ke ciki ne ya hana su ruɓewa. Ya ce a ba shi lokaci, mutanen jami'a za su zo. Ugba ya ce tun yana da gashi a kai yake jin zuwan mutanen jami'a.

"Ticha, ka yi ritaya, su ma ka yi musu ritaya mana. Ko fansho kake jira a biya su?"

Aka yi dariya. Wani ya ce mutum mai hankali yana tara doya, wannan yana tara abin da aka jefar. Wani ya ce matarsa ta ji suna motsi in hadari ya taso. Da yawansu sun zauna a ajinsa. Wasu ya koya musu rubuta sunansu.

Na miƙe. Na ce abin da ke ɗakin nan ba Ayila ne ya haife shi ba, ku kuka kai masa, da ƙafarku, da ƙwaryarku. In aika ne, ku aka yi wa. Ya san wanda ya kawo kowanne. Kowa ya tashi yanzu ya je ya ɗauki nasa ya kai ɗakinsa. Ugba, naka yana nan, na ƙarƙashin randa.

Ba wanda ya motsa. Ugba ya dubi ƙasa. Baba Anongo ya ce, "Surukinmu, ka zauna. Ba faɗa muka kira ka ba." Ya ce an ba Ayila zuwa cin sabuwar doya. Ko kwalabe su bi kogi, ko ya koma wurin dangin uwarsa.

Kun san abin da wannan ke nufi. Yaro ake kai wa dangin uwa, ko majinyaci, ko wanda ake so a kashe. Ba dattijo mai furfura da jikoki ba. Ƙofata a buɗe take, zan ba shi gona, zan ba shi ɗaki. Amma a garina baƙo zai zama har ya mutu. Ba zai yi magana a zaman gari ba. 'Ya'yansa ba za su gaji ko kunya ɗaya ba. In ya mutu sai na je na roƙi mutanen nan su bar ni in kwantar da shi kusa da ubansa.

Tun daga zaman nan mata suka daina ɗiban wuta a murhun matarsa Iveren. Mnena kaɗai ke zuwa, ita ma ta bayan ɗaki. A coci an bar musu benci guda su kaɗai. Shi kuwa kullum da safe yana ɗakinsa, yana goge kwalabe, yana cika waɗanda suka ƙafe. Makon jiya ma wani ya ajiye ƙwarya rufe da ganye a bakin ƙofarsa ya gudu. Ayila ya ɗauka, ya duba, ya ce mai zane ne. Ya tambayi Iveren ko ta ga wanda ya kawo, don yana son sanin irin ƙasar.

Ayila, ɗan ƙanwata. Kai ne ka miƙa hannu ga abin da maza ke gudu. Kai ne ka zauna tsakanin wa da ƙane shekara talatin, ba su ma san kana zaune ba. An kawo maka tsoro a ƙwarya, ka karɓa, ka ce an gode. Ka dubi abin da kowa ke kawar da kai daga gare shi, ka dube shi har ka san gidansa da danginsa, har idonka ya lalace. Mai haƙuri, ɗan mai haƙuri. Uwarka ba ta ga wannan rana ba, kuma gara haka. Ban iya yabo ba, ba a kuma san ni da shi ba. Na gode maka a madadin waɗanda ya kamata su gode.

Ku kuma matasa, ba na ce ku tara macizai ba. Na ce in kun tono abin da ba ku sani ba, ku tsaya ku duba shi kafin ku nemi wanda za ku ɗora wa. In kuka sami wanda ya ɗauke muku kaya, kada ku kore shi ran da kuka ga kayan a hannunsa. Masu ofis a birni, in kuna karanta wannan, akwai ɗaki a jami'a da ke jiran kwano. Ku rufa shi.

An ci sabuwar doya ranar Lahadin da ta wuce. Bayan coci aka koma rumfa. Baba Anongo ba mugu ba ne, tsoho ne mai son a zauna lafiya, kuma tare suka taso da uban Ayila. Ya zo da sassauci. Ya ce dattawa sun duba, sun ga abin kashi biyu ne. Akwai masu kai biyu na gaske, su ne masu kaurin nan. Akwai kuma sirara, waɗannan tana ce kawai, ba wanda ke aika tana. Ayila ya riƙe sirara, ya ajiye su har ƙarƙashin gadonsa in yana so. Masu kauri kaɗai za a kai kogi, shi ma ba sai ya je ba, samari za su ɗauka. Daga nan magana ta ƙare, ya zauna a gidan ubansa.

Mutane suka yi ajiyar zuciya. Har Ugba ya ce wannan adalci ne. Iveren tana tsaye a bayan rumfa da hannu a ƙirji. Na dubi fuskarta, na san abin da take roƙo.

Ayila ya ce sirara ba tana ba ne, macizai ne kamar sauran. In akwai aika, har da su. In babu, babu ga kowa. Ba zai riƙe rabi a kan ƙarya ba. Ya ce kuma ba a gane gida ɗaya sai an ajiye ɗayan kusa da shi.

Baba Anongo ya rage murya. "Ɗana, bar mana karatu. Mun san ka fi mu. Hanya nake nema maka. Cibiyarka a bayan ɗakin can take. Ubanka ga shi nan kwance. Ka ce mini tana ce, ni zan tashi in ce an gama."

Ayila ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya dubi kabarin, ya dubi tsohon.

"Ba tana ba ce, Baba. Kuma ba zan zubar ba. Ko ɗaya."